Taku Biyar

Ƙarfe biyu na dare. Tawa ta yi barci,
sai injin Bizo mai gyaran tele ke tari a bayan zaure.
Mu huɗu kan benci, shayi ya kai zubi na uku,
muna kallon ƙattin Amurka
da ƙwallonsu mai siffar ƙwallon dabino.

Bizo ya ja tsaki.
Ya ce: Sun kashe wasan nan.
A dā mutum goma ake saki tun daga nesa,
su kwaso gudu kamar shanun da suka ji ƙanshin tafki,
su haɗu da goman can a tsakiya,
ka ji kwalkwali ya amsa, kai ma ka dafe ƙeyarka.
Yau fa? An jera su gab da gab,
taku biyar tsakani,
ba mai ɗaga ƙafa sai ƙwallo ta sauko.
Wannan ai layin amsar albashi ne.

Ban tanka ba.
Ni maɗori ne, ɗan maɗori, jikan Arzika mai karan dawa.
Na san ƙashi. Ƙashi mai gaskiya ne,
in ya karye yana faɗa,
ya kumbura, ya hana barci, ya aiko a kira ni.
Kai ba haka yake ba.
Kai yana cin bashi ya yi shiru,
sai ya bari an manta, sannan ya aiko da takarda.

A ƙarshen benci Hankurau ke zaune.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
da aka ɗaga shi a filin kokowa aka dasa shi da ƙeya.
Ya tashi. Har rawa ya taka wa makaɗa.
Ni na laluba shi da hannun nan, gaɓa gaɓa,
wuya, kafaɗa, haƙarƙari,
na ce: Lafiya lau, ko tsagewa babu.
Aka ba ni jaka biyu da goro.

Yanzu gishiri yake sa wa shayi.
Jiya ya tsayar da Zali a bakin famfo
ya tambaye ta ɗiyar wa ce.
Ɗiyarsa ce. Ta ce: Ta maƙwabta,
ta kama hannunsa ta kai shi gida.

Bizo bai gama ba.
Ya ce: Kada ka ɗauka tausayi ne,
masu kulob dukiyarsu suke tsaro.
Na ce: Na ji.
Mai jaki ma don kansa yake rage kaya,
amma bayan jaki ne ke hutawa.
Kuma ba su daina karo ba, duba da kyau,
nisan kawai aka rage.
Tulun da ya faɗo daga gammo
da wanda ya faɗo daga kan soro,
ni na san wanda ake iya liƙewa.

Aka sake bugu.
Ƙwallo ta tashi tana juyi cikin fitilu,
ƙatti na ƙasa tsaye cak,
ƙirji na hawa da sauka, ido a gaba.
Na ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Ban taɓa ganin ƙarfi mai yawan haka
yana jira ba.

Hankurau ya miƙa wuya wajen gilashin,
ya ɗaga tafin hannu
kamar mai tsayar da mota a hanyar Konni.
A hankali ya ce: Ku dakata tukuna.

Ƙwallo ta sauko. Suka haɗu. Suka zube.
Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe,
na bi su da ido har na ƙarshe,
ko da yake ni na fi kowa sanin
miƙewa ba shaida ba ce.

Injin ya yi tari biyu ya mutu.
Cikin duhu na laluba na ɗauke kofinsa,
na ajiye masa nawa mai sukari.